Fuskar Baba Yaji a Bango

Lidiya maƙwabciyarsu ko sallama ba ta yi ba. Ta faɗo gidan zaninta duk ƙasar gona, ta cusa wa tsohon wata takarda a hannu.

"Baba Yaji, har da kai? Mutumin da ya ƙwace min gona a Sahuda ya gina gidan mai, shi kake cewa mu zaɓa?"

Ya kai takardar dab da hanci, ya mayar nesa. A banza, idon ya daɗe da yin ritaya. Ya miƙa wa jikarsa Fa'iza.

"Karanta min. Kar ki tsallake komai."

Hotonsa ne, yana murmushi har dasashi. A ƙasa an rubuta: "Wanda ya kawo muku takardar 'yanci jiya, shi ke cewa ku bi Honarabul yau."

Duk Mubi an san labarin, don Baba Yaji ba ya barin a manta, ko hanya ka tsaya tambaya sai ka sha shi. Yana saurayi, Turawa na haramar tafiya, ana gardamar Nijeriya za a bi ko Kamaru, shi ke ɓoye takardun 'yan gwagwarmaya a buhun gishiri, ya taka keke ƙauye-ƙauye. Ba ya miƙa takarda ya wuce. Gindin tsamiya yake tsayawa ya karanta da Hausa, ya maimaita da Fulatanci, a yi ta tsare shi da tambaya. Yawancin mutanen ƙauyukan ba su iya karatu ba, fuskarsa suka yarda da ita, suka fito suka jefa ƙuri'a. Surukin Lidiya na cikinsu.



* * *

Fa'iza ta san mai aikin. Baffanta Mahmoud ne ya ɗauki hoton da waya, wai za a ba tsofaffi tallafi. A tashar keke napep ta same shi.

"Baffa, fuskar Kaka ka sayar?"

"Ke, fuskan ya ragu ne? An min alkawarin sabon keke. Takardunshi na da, me ya ba mu?"

Ya tada keke ya bar ta da hayaƙi.

* * *

Tsohon ya ƙi zama, ya ƙi abinci. Ya shiga ɗaki ya fito, ya sake shiga. Da la'asar ya ɗauki sanda.

"Kai ni inda suka manna. Ban taɓa raba takardar da ban tsaya a kanta ba."

A bangon kasuwar shanu ya dinga lalube yana ɓarewa. Sitacin ya bushe ƙam, sai da farce. Masu wucewa na kallo, waɗanda a da suke durƙusa masa suka kau da kai. Wani ma ya yi tsaki. Har yatsunsa suka fara jini bai tsaya ba, sai da tafinsa ya bi bangon ya ji siminti zalla.

"Fa'iza, na cire duka?"

Ta ɗaga kai. Masu mannawar da tsani suka zo. Can sama, inda ko sandarsa ba za ta kai ba, fuskarsa ce jere har ƙarshen bango, tana yi wa gari murmushi.

"Ka cire, Kaka," ta ce.

Ya sauke ajiyar zuciya, ya goge jinin a rigarsa.