Shanun Cikin Kwamfuta

Hajiya 'Yardada ta sake murza ɓeran kwamfutar a kan teburi, kibiyar nan ta ƙi motsi. Muryar ma ta tsaya cak a tsakiyar magana. "Inna, in kin ji wannan," shi ke nan, sai wani ƙugi kamar na ƙudan zuma. Ta ɗauko mafici ta yi mata fifita ko zafi ne ya dame ta. Ta tofa mata addu'a. Da ta ga dai abin ya sandare, sai ta yi mata abin da take wa rediyo in ya yi gardama, ta zare filogin daga bango, ta ɗan jira, ta mayar.

Ta kawo haske kuwa. Amma babu shanu. Gilashin ya koma shuɗi fetal, 'yan akwatunan nan duk sun tattaru gefen hagu sun yi layi, kowanne kamar ɗan'uwansa.

To, sai an san shanun kafin a gane abin da ya sami tsohuwa. Ita ba ta yi boko ba, ko sunanta aka rubuta ba za ta shaida shi ba. Ɗanta na fari, Tajuddeen, shi ya yi mata dabara. Akwai wani tsohon hoto na garken mahaifinsa, wanda aka ɗauka a ruga kafin a sayar da shanun a dawo Madabo da zama. Ya sa hoton ya cika fuskar kwamfutar, sannan ya ɗora kowane akwati a gadon bayan saniya guda. In ta danna jar saniya, karatun Alƙur'ani. In ta danna farar, hotunan aikin Hajjinta. Baƙar mai karyayyen ƙaho labarai ne da Fulatanci. Shi kuma ɗan maraƙin da ke ƙasa wajen dama, muryarsa ce shi Tajuddeen ɗin, wadda ya ɗauka don ya gwada mata yadda ake yi.

Ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da ta haife shi, "yaron nan" take cewa. Ranar da aka kawo gawarsa daga hanyar Wudil ko ɗigon hawaye ba wanda ya gani a idonta, mata suna ta cewa kai, Hajiya akwai dauriya. Ana share makoki ta sa aka kwaso kwamfutar daga ɗakin matarsa aka kawo nata. Kullum da hantsi sai ta sakaya ƙofa, ta danna maraƙi.

Ta aika aka kirawo Mikail, mai shagon gyara a Ƙofar Mazugal. Ya zo da gumi, ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi 'yan danne-danne.

"Hajiya, wa ya kashe ta?"

"Ita ta fara mutuwa, ni farfaɗo da ita na yi."

"Daga bango kika zare?"

"Daga ina kuwa zan zare, daga sama?"

Ya yi 'yar dariya. "Ai abin da ya rikita ta ke nan. Ta manta mai ita, ta buɗe kamar sabuwa. Ki bari in tafi da ita shago in yi mata fomat, gobe ki ganta garau."

"Mene ne shi fomat ɗin?"

"Shara ce. A share komai a zuba sabo."

"Komai?"

"Komai da komai, Hajiya."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Mikailu, ranar sunanka ni na dama furar da aka sha. Ban ce ka biya ni ba. Amma ka ɗauke hannunka daga kan abin nan."

Ya ɗauke. Har ya kai bakin ƙofa ya waiwayo. "In akwai wanda ya san inda marigayi yake ajiye kayansa a ciki, wataƙila a tsinto su. Ni lalube zan yi. Anti Na'ima fa? Ai tare suke aiki a kanta."

'Yardada ta kawar da kai, shi kuma ya fita.

Na'ima ita ce matar Tajuddeen, kuma a ranar take fita daga takaba. Tun safe aka yi mata wanka, aka raba wainar sadaka a maƙwabta, kayanta suna ɗaure a tsakar gida, danginta za su zo daga Gwale bayan la'asar su tafi da ita. Tsohuwa ba ta taɓa yi mata faɗa ba. Ba ta hana ta abinci ba, ba ta hana ta sabulu ba. Sai dai ita mace ce da ba ta mantuwa. Ta san wanda ya zo mata gaisuwa da wanda ya aiko yaro, ta san wadda ta shigo da takalmi har kan tabarma. Ta kuma san cewa yaron nan ba don kansa ya hau hanyar Wudil ba, Na'ima ya je ɗaukowa daga bikin ƙawarta. Ta san ƙaddara ce, malamai sun faɗa ta ji. Amma ta ajiye abin a wani lungu na zuciyarta, shi ya sa tun rasuwar maganarsu ba ta wuce ina kwana, lafiya lau.

Aka yi azahar. Ta idar da salla ta sake duba gilashin ko shanun sun dawo da kansu. Suna ina. Ta danna akwati ɗaya a layin, wani farin abu mai rubutu ya buɗe, ta rasa ta inda za ta rufe shi. Ta zauna tana kallon inuwar katanga tana matsowa tsakar gida.

Can ta ɗaga labule.

"Ke."

Na'ima ta taso daga kan akwatinta, da sabuwar atamfa a jikinta, ta rame har ɗankwalin ya yi mata yawa. "Na'am, Inna."

"Abin nan na yaron nan ya ɓata. In kina da hali."

Na'ima ta cire takalmi ta shiga. Ta tsaya jim tana kallon kwamfutar, don rabonta da ita tun ranar da aka fitar da ita daga ɗakinta. Sannan ta ja kujera.

"Ba ta goge ba, Inna. Kamar mutum ne ya farka a ɗakin baƙi, nasa ɗakin yana nan a rufe. Bari in ga ko zai buɗu."

Ta kashe ta yadda ake kashewa, ta kunna. Shuɗin nan dai. Ta sake, haka. Ta shiga wani wuri ta fita, ta shiga wani, leɓenta yana motsi. Tsohuwa tana tsaye a kanta da carbi.

Can Na'ima ta ce, "Ɗakin ba zai buɗu ba, ya lalace. Amma na samu ta inda zan kwaso kayan. Ga karatun. Ga hotunan Makka. Ga na Fulatancin."

"Maraƙin fa?"

"Wane maraƙi?"

"Wanda yake magana."

Na'ima ta ɗago ta dube ta, ba ta gane ba, amma ta ci gaba da nema. "Akwai wata murya a nan, an rubuta Inna. Ina jin ita ce."

'Yardada ta sauke numfashi ta zauna a bakin gado. "To mayar da shanun."

Nan ne aka daɗe. Na'ima ta bi hotuna ɗaya bayan ɗaya, na ɗaurin aure, na ofis, na wata mota da ya so saye. Babu garke. Ta nemi ta suna, ta nemi ta shekara. A waje an fara jin sallamar mata.

"Inna, babu shi. Ina jin a cikin abin da ya lalace yake. Ina na takardar? Sai a sake ɗauka."

"Gara ta cinye shi tun shekarar da soro ya yi yoyo."

Wata daga tsakar gida ta ce ina Na'imar take ne, mai mota yana bakin titi, ya ce lungun ba zai shigu ba.

'Yardada ta tashi ta matso. Ta ɗora yatsa a kan shuɗin gilashin, sama wajen hagu. "Nan Ja take tsayawa. Kawo karatun nan." Na'ima ta jawo akwatin ta ajiye. "Fara tana bayanta, ta ɗan sunkuyar da kai. A'a, matso da shi. Yauwa. Mai karyayyen ƙaho a tsakiya, ita dama ba ta son gefe." Yatsan ya gangaro ƙasa wajen dama ya tsaya. "Shi kuma nan."

Akwatuna huɗu a warwatse a kan shuɗi, ba ciyawa, ba ƙaho.

"In gwada, Inna? Don a tabbatar."

Tsohuwa ta gyaɗa kai.

"Inna, in kin ji wannan, to kin danna maraƙi daidai, kin zama 'yar boko. Ki sha maganin hawan jininki, kar ki ce min kin manta, ke da ba kya manta komai." Sai dariyarsa.

A daidai nan 'Yardada take kashewa kullum, don ta san abin da ke biye. Hannunta har ya tafi wajen ɓeran, sai ta tarar hannun Na'ima yana kai. Ta janye nata.

Daga nesa a cikin muryar, wata mace ta ce, "Malam, shayinka fa zai huce."

"Rufe min shi, Na'ima, ga ni nan."

Na'ima ba ta yi kuka mai sauti ba. Ta dai kifa goshinta a bakin teburin, kafaɗunta suna rawa. 'Yardada tana kallon ƙeyarta. Duk watannin nan yarinyar tana ɗaki ɗaya, muryar tana ɗaki ɗaya, katanga ce kawai tsakaninsu, kuma ita ce take sakaya ƙofar. Ita 'Yardada da take riƙe da laifin kowa, wannan ba ta taɓa sa shi a lissafi ba.

Aka sake kira daga waje.

"Ki tafi da maraƙin," in ji tsohuwa. "Rabinsa naki ne, kuma ba a raba maraƙi biyu. Ki bar min sauran ukun."

Na'ima ta ɗago, ta share fuska da gefen mayafi. "Ba sai na raba ki da shi ba, Inna. Zan tura shi wayata, kuma yana nan inda kika ajiye shi."

"Ya tafi, kuma ya zauna?"

"E, Inna."

'Yardada ta zuba ido tana kallon wayar da aka jona da igiya, wani koren abu ya cika ya ɓace. Akwatin yana nan a kusurwarsa.

"Ashe ana iya haka," ta ce a hankali.

Ta raka ta har zaure, abin da ba ta yi niyya ba. Na'ima ta durƙusa ta ce a yafe mata, tsohuwa ta ce ba komai, Allah ya sa a gama lafiya, ta gaida mutanen Gwale, kuma in abin ya sake sandarewa za ta aiko.

Da ta dawo ɗaki ba ta sakaya ƙofar ba. Ta zauna, ta kai kibiyar kusurwar dama, ba ta danna ba. Sai ta ɗaga yatsa ta shafa wurin da jar saniya take tsayawa.