Zakaran Godiyar Kaka

Lokacin da Malam Katung ya fara zuwa majami'ar Presbyterian ɗin nan ta gefen Croydon, a 1974, kujeru sun fi masu sujada yawa nesa ba kusa ba. Mutanen Sikotland ne suka gina ta, jikokinsu suka watse, aka bar tsofaffi da tari da littafin waƙoƙi. Shi kuwa Katung gwamnati ce ta turo shi kwas, a shekarun da kuɗin mai ya sa duk ma'aikacin da ya iya ɗaura lakataya sai an ce Ingila na jiransa. Ya iso da tumbinsa, da matarsa Rhoda, da 'yarsu Eunice.

Da yammacin Lahadi mutanen gida kan taru a flat ɗinsa, na Jos da na Kafanchan, su yi sujada da Hausa. Hausar ba ta dami kowa ba, muryar matan ce ta kai har bene na uku. Mai gidan haya ya ce in ya sake jin waƙa, su nemi wani wurin kwana. Sai Katung ya roƙi majami'a ta ba su ɗakin baya. Fasto, wani saurayi mai saurin jin kunya, ya yarda, amma a wannan ɗarikar fasto ba ya yanke magana shi kaɗai. Sai dattawan ikilisiya sun zauna, babbansu kuwa Mista Gillespie, dogon tsoho wanda Katung bai taɓa ganin haƙoransa ba. Aka ce za su zauna ran Lahadin godiyar kaka, bayan an tashi.

"Maman Eunice, ranar nan ce za a auna mu," in ji Katung. "Kowa zai kawo baikonsa gaban bagade. Ba zan shiga hannu wofi ba."

"Na ga matan suna sayen waken gwangwani," in ji Rhoda.

"Mata ke nan. A garinmu kin taɓa ganin magidanci ya kai wa Allah gwangwani?"

"A garinmu ban taɓa ganin magidanci yana wanke kwano ba, ga ka kana yi."

Ran Asabar Katung ya tafi da abokinsa Dung, mai karatun likitancin dabbobi, wata gona a Kent, suka dawo a bas da jan zakara cikin kwali. Kwandastan ya dubi kwalin, ya dubi kwat ɗin Katung, ya zaɓi yarda da kwat ɗin, ya ƙyale su.

Da safe Katung ya ɗaure ƙafafun zakaran da tsumman zanen Rhoda, ya ɗauko shi a hammata. Yana shiga majami'a jikinsa ya yi sanyi. Teburin gaba cike yake da gwangwanaye, da tuffa, da kabewa, da wani burodi da aka gasa da siffar damin alkama. Ba abin da ke numfashi. Ya so juyawa, amma mutanensa na biye da shi a layi, matan sun riga sun fara takawa a hankali kamar yadda ake yi a gida, duk da kiɗan ogan na majami'ar bai ba su abin takawa ba. Haka ya kai zakaran gaba, ya kwantar da shi tsakanin kabewa da burodi, ya koma kujerarsa yana kallon takalminsa.

Zakaran ya yi haƙuri har aka gama waƙa ta biyu. Ana cikin addu'a, kowa ido rufe, ya zame tsumman, ya miƙe, ya karkaɗe jiki, ya yi cara ɗaya mai tsawo wadda rufin majami'ar ya maimaita. Fasto ya tsaya a tsakiyar jimla. Zakaran ya ɗanɗana burodin, ya ture gwangwani biyu, ya tashi ya sauka a kan mumbari.

"Malam, kayanka ne," Dung ya raɗa masa.

"Kai ne likitan dabbobi."

"Ban kai ajin kaji ba tukuna."

Katung na lissafin inda zai sami flat kafin sanyi ya shigo, sai ya ga Mista Gillespie ya tashi. Tsohon ya cire kwat, ya ninke, ya ajiye. Ya nufi mumbari a karkace, ba ya kallon zakaran, yana wani ɗan sauti da harshe. Hannu ɗaya ya kai ya cafko ƙafafun, ya danne fikafikan a hammata, ya dubi Fasto ya ce a ci gaba. Haka aka ƙarasa addu'ar, babban dattijo na tsaye da zakara.

Bayan sujada aka kira Katung ɗakin dattawa. Ya shiga da jawabin ban haƙuri a bakinsa. Gillespie na zaune, zakaran na kan cinyarsa.

"Mista Katung, wa ya yi wannan ɗaurin?" tsohon ya tambaya da Turancinsa mai kauri.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Bai ɗauru ba."

"Na lura."

Tsohon ya shafa wuyan zakaran. Ya ce kakansa na cikin leburorin da suka gangaro daga Sikotland aikin hanyar jirgin ƙasa. Ba su da wurin sujada, a saman wata bargar dawaki suke taruwa, mai bargar kuma ya kore su don waƙarsu na firgita dawakai. Da suka gina nan, matansu da kaji da ƙwai suke ciyar da fasto. Shi kansa Gillespie, yana yaro, shi ke riƙe kajin a bakin ƙofa.

"Tun kafin yaƙin duniya rabona da ganin abu mai rai a teburin nan," ya ce. "Ɗakin baya naku ne. Ku rufe taga ta ɓangaren makwabta."

Katung ya nemi kujera ya zauna ba tare da an ba shi ba. Don ya faɗi wani abu, ya bayyana cewa a al'adarsu zakaran na Fasto ne. Fasto, wanda ke zaune a ɗaki ɗaya saman kantin magani, ya yi ja har kunne. Gillespie ya ce yana da ɗan lambu bayan layin dogo, zai riƙe wa Fasto amana.

A hanyar gida Katung ya gyara lakataya ya ce, "Kin gani ko? Da gwangwani na kai, da yanzu muna neman ɗaki."

"Na gani," in ji Rhoda. "Na kuma ga wanda ya yi rabin sujada da kai a tsakanin gwiwoyi."

"Addu'a nake yi."

Lahadin da ta biyo baya suka yi waƙa a ɗakin baya, taga a rufe, matan suka saki murya yadda suke so. Gillespie ya zo kulle ƙofa tun kafin lokaci, ya zauna a kujerar ƙarshe bai san kalma ko ɗaya ba. Da aka tashi ya shaida wa Katung cewa zakaran na nan lafiya, sai dai makwabtan lambu sun kai ƙararsa hukumar gari.