Allon Jan Biro

Ranar Asabar ta sabunta kwamfutocin maɗaba'ar gaba ɗaya, guda tara, ta koma gida tana jin ta yi abin kai. Wata uku ke nan da ɗaukarta aiki, kuma tun zuwanta take yi wa Manaja nacin cewa tsarin da ke kan injinan ya tsufa, har waɗanda suka ƙirƙire shi sun daina waiwayarsa. Ma'aikata suna kiranta Injiniya, rabi girmamawa rabi tsokana. Wanda ya yi mata hanyar aikin kuwa kawunta ne, wan mahaifiyarta, mai duba rubutu kafin a buga. Shekararsa ashirin da shida a gidan, kowa Jan Biro yake ce masa.

Litinin da safe, tara da rabi ta ɗan gota, mai kula da injin bugu ya leƙo ofishinta da baƙin tawada a hannu.

"Injiniya, kawunki na nemanki. Ki yi sauri kuwa, yau ko gaisuwata bai amsa ba."

Ɗakin Kawu ne na ƙarshe a barandar, kusa da ɗakin ajiyar takardu. Kullum labulensa a sake, fitila a kashe, ita kuma ta ɗauka halin tsofaffi ne. Ta same shi zaune ya harɗe hannuwa, allon da ke gabansa yana ƙyaftawa kamar fitilar da ke shirin mutuwa. Ta kama linzamin kwamfutar ta ja wata taga a allon, sai tagar ta bar sawunta a baya, ɗaya kan ɗaya, har rabin allon ya cika. Sandar saman tagogin duk ta ɓace, babu wurin rufewa, babu wurin matsarwa.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata, "me kika yi wa abokin aikina?"

"Ƙaramin abu ne, Kawu. Katin hoton da ke cikin wannan ya tsufa, sabon tsarin bai zo da direbansa ba."

"Direba kuma? Ashe mota nake tuƙawa ban sani ba."

Ta yi dariya, shi bai yi ba. Ta ce masa wata 'yar manhaja ce da ke yi wa katin tafinta da sauran kwamfutar, in babu ita sai su riƙa maganar kurame. Ta shiga saituna ta kashe kwalliyar allo baki ɗaya: inuwar tagogi, shuɗewarsu, duk wani abin burgewa. Nan take allon ya nutsu.

"Shi ke nan. Ba za ta yi kyau kamar da ba, amma za ta yi aiki."

Kawu ya matso. Ya lalubi wani maɓalli ya danne da hannun hagu, ya murza tayar linzami da na dama. Babu abin da ya faru. Ya sake. Ya danna wasu maɓallai biyu tare, ya jira.

"Ba ya zuƙowa. Launin ma bai juya ba."

"Ai duk cikin kwalliyar suke, su na kashe. In an tashi aiki zan zauna in gyara maka a tsanake."

"Ƙarfe sha biyu za a haɗa farantin bugu."

Ta san aikin. Takardar bayani ce da ake naɗewa a cikin kwalin maganin zazzaɓi na yara, kwafi dubu sittin, rubutu ƙanana kamar tururuwa. Ba a bugawa sai Jan Biro ya sa hannu.

"To ai ga shi nan a allo, Kawu, sai ka karanta."

Ya waiga wajen ƙofa. Sannan ya ce, "Tura ƙofar nan."

Da ta rufe, ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur. Ya ce mata shekara biyu ke nan tsakiyar ganinsa ta dushe. Gefe-gefe yana gani sarai, amma duk abin da ya zuba wa ido sai ya narke. Farin shafi kuwa ƙona masa ido yake yi. Mai gyaran da ta gada ne ya saita masa allon ya riƙa zuƙo duk inda kibiya ta je, ya kuma mai da fari baƙi, baƙi fari. Da wannan yake aiki, kuma ban da mutumin nan da ya bar gari, babu wanda ya sani.

"Mama ma?" ta tambaya, tana nufin mahaifiyarta.

"Ita ce ta ƙarshe da zan so ta ji."

Ta buɗe takardar ta ƙara girman rubutun daga cikin manhajar karatu, ko za a dace. Kawu ya kai fuskarsa dab da allo, ya karkata kai, ya karanta layi biyu da ƙyar. Hawaye suka zubo masa, ba na kuka ba, na hasken. Ya ja baya yana girgiza kai.

Goma saura kwata. Ta jawo kujera ta zauna.

Ta nemo direban da kamfanin katin ya fitar, ta sauke, ta ɗora. Layuka suka yi ta gudu a allo, a ƙarshe aka ce an gama. Ta sake kunna kwamfutar. Tambarin tsarin ya fito, ya ɓace, sai baƙi. Baƙi ƙirin, sai wani ɗan gajeren layi fari yana ƙyafta ido a kusurwar sama. Ta jira minti ɗaya. Ta jira biyu.

"Ya tashi?" in ji Kawu.

"Yana zuwa."

Bai zo ba. Ta kashe da maɓalli ta sake kunnawa, aka maimaita mata abu ɗaya. Ɗazu allo ne mai ciwo, yanzu babu allon ma.

A daidai nan aka turo ƙofa ba sallama. Manaja ne, waya a kunne, takardu a hannu. Ya dubi baƙin allon, ya dube ta, ya kashe wayar.

"Abin da na guda ke nan. Na ce ki bari sai an rage aiki, kika ce minti talatin ne kowace."

"Ranka ya daɗe, takwas suna lafiya, wannan ɗin ce kawai…"

"Wannan ɗin ce nake bukata." Ya juya ga Kawu, muryarsa ta sauka. "Baba, ga shi na sa an fitar maka a takarda, ga na kamfanin, ga namu. Ka duba da biro kamar da, ai kai ka koya mana. Sha ɗaya da rabi zan dawo."

"To, madalla," in ji Kawu, ya karɓa da hannu biyu.

Da ƙofa ta rufu, ya shimfiɗa takardun a gabansa ya daidaita gefensu. Ya zaro jan biro daga aljihu ya cire murfin. Tana kallonsa ta gefen ido, ta ga ba layukan yake bi ba. Yatsansa yana lalubar ƙasan shafi ne, inda ake sa hannu.

"Kawu, me za ka yi?"

"Kamfanin sun duba abinsu. Mai tsara shafi kuma ba yaro ba ne."

"Maganin yara ne fa."

"Na san ko na mene ne." Muryarsa ta yi kauri. "In na ce ban iya ba, gobe wani ne a kujerar nan. Kina ganin akwai mai ɗaukar makaho duba rubutu?"

"Bari in karanta maka da baki, kai kuma ka saurara."

"Kunne ba ya ganin ɗigo. Kuma in kina karatu, wa zai yi gyaran?"

Ta miƙa hannu ta dafe takardar. Ba ta taɓa yi masa haka ba.

"Ka ba ni zuwa sha ɗaya da rabi. In ban gyara ba, ni zan je in ce laifina ne, a ɗaga bugun, in korata za a yi a kore ni. Amma wallahi in ka sa hannu ba ka karanta ba, zan faɗa masa gaskiya."

Ya ɗago ya dube ta, ko kuma ya dubi gefenta. "Ni za ki tona wa asiri?"

Ta koma kan madannai. Ta ji ƙarar murfin biro ya koma, amma biron bai koma aljihu ba.

Ta danna maɓallai uku tare, allon ya ba ta wurin rubuta umarni, fararen haruffa a kan baƙi, babu hoto babu kibiya. Ta buɗe fayil ɗin da kwamfutar ke rubuta abin da ya same ta a wajen tashi, ta bi shi layi-layi. Can ƙasa ta gani: direban da ta ɗora an yi shi ne don tsohon tsari, sabon ya ƙi karɓarsa. Kamfanin ya daina yi wa wannan katin sabo tun tuni. Ta cire shi, ta share duk abin da ya bari, ta koma ga direban gama-gari da ke zuwa tare da tsarin kansa. Ta sake kunnawa.

Hoto ya dawo, amma komai ya kumbura, ya baje kamar an taka shi. Ta kunna kwalliyar, allon ya ƙyafta sau biyu, sandunan tagogi suka sake ɓacewa. Sha ɗaya da minti goma. Ta bangon ana jin mai injin yana wanke rola yana fito.

Ta dafe kai. Direban yana nan, katin yana nan, to me ya hana su haɗuwa? Sauran takwas ɗin ba su yi gardama ba. Me ya bambanta wannan? Sai ta tuna: wannan ce kaɗai wani ya taɓa zama ya saita da hannu.

"Kawu, ranar da mutumin nan ya gyara maka, ya daɗe?"

"Yini guda. Yana ta rubuce-rubuce a baƙin allo irin naki."

Ta shiga jakar saitunan hoto. Ga shi kuwa, wani fayil mai kwanan watan shekara biyu da suka wuce, a ciki an rubuta sunan tsohon direban ƙarara, an ce kada a yi amfani da kowa sai shi. Duk safiyar nan kwamfutar wanda babu take kira. Ba ta goge fayil ɗin ba, ta canza masa suna kawai, ta sake kunnawa tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta.

Tambari. Baƙi. Daƙiƙa biyar, shida. Sai allon ya buɗe tas, komai a girmansa. Ta kunna kwalliyar, ta ja taga, ta tafi sumul. Ta shiga saitunan zuƙowa da juya launi, ta tambaye shi maɓallan da ya saba, ta mayar masa da su ɗaya bayan ɗaya.

"Gwada."

Ya ajiye biron. Ya danne, ya murza. Allon ya yi baƙi, haruffa suka taso farare, kowane ɗaya kamar babban yatsa. Ya jera takardar kamfanin a hagu, tasu a dama, ya fara.

Sha biyu saura ashirin da biyar Manaja ya shigo. Ya buɗe baki zai yi magana, idonsa ya sauka a kan allon: kalma uku sun cika shi daga gefe zuwa gefe, tsoho ya karkata kai yana binsu. Ta ga yatsan Kawu ya je kan maɓallin da zai mai da komai daidai, ya tsaya a kai, sannan ya janye.

"Ban gama ba," ya ce, bai juyo ba. "Sai ka ƙara mini rabin awa."

Manaja ya dubi Injiniya. Ta sunkuyar da kai. Ya fita baranda, suka ji yana ba wani haƙuri a waya, sannan ya dawo ya jingina da bango.

Babu mai motsi a ɗakin sai tayar linzami. Sha biyu ta yi, ta wuce. A shafi na biyu Kawu ya tsaya, ya koma hagu, ya dawo dama, ya sake komawa.

"Kira mini mai tsara shafi. Layin ƙarshe na gargaɗi ya faɗi. A nasu an ce kada a ba yaron da bai kai shekara biyu ba sai da izinin likita. A namu babu."

Mai tsara shafi ya zo da gudu, ya duba, ya riƙe baki. Akwatin rubutun ne ya gaza, ya haɗiye layin. Aka gyara, Kawu ya sake bin shafin daga sama, ya sa hannu ƙarfe ɗaya saura kwata.

Da ɗakin ya rage su uku, Manaja ya ja kujera ya zauna.

"Tun yaushe, Baba?"

"Shekara biyu."

"Ka je asibiti?"

"Sau ɗaya. Suka ce in dawo, ban koma ba."

Manaja ya shafa fuska. "Kujerarka tana nan. Amma gobe za ka koma asibitin, kuma daga yau duk aikin magani mutum biyu za su duba, kai da wani."

A shekara ashirin da shida ba a taɓa bin bayan aikin Kawu ba. "Na ji," ya ce.

Manaja ya tashi. A bakin ƙofa ya ce da ita, "Ke kuma, kafin ki sake taɓa injin kowa, ki tambaye shi da me yake aiki."

Ta tsaya tana naɗe wata wayar kwamfuta da ba ta bukatar naɗi. Ƙarar injin bugu ta taso ta bango, tebur ya ɗauki rawa kaɗan.

"Kawu, ka yi haƙuri da abin da na faɗa."

"Da za ki faɗa masa ɗin?"

"Da zan faɗa."

Ya gyaɗa kai, ya mai da tabaransa. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba.

"Gobe ƙarfe takwas ki zo ki raka ni. Uwarki kuma ki bar ni da ita, da bakina za ta ji."