Abin da Ba a Faɗa wa Likita Ba

Likitan ya ɗago kai daga takardarsa ya dubi Mai Ɗinki, tunda ita ta kawo marar lafiyan.

"Ba abin da ya faru a gidan kwanan nan? Ba wanda ya yi irin wannan zazzaɓin?"

Ta buɗe baki ke nan sai yatsun Baba Mai Awaki suka damƙe mata wuyan hannu, da zafi kamar dutsen gugarta. Bai dube ta ba, rufin ɗakin yake kallo.

"Babu," ta ce.

Likita ya rubuta maganin zazzaɓin cizon sauro, ya ce su dawo in bai sauka ba.

Ai ba ƙarya ta yi ba, haka ta riƙa gaya wa kanta a hanyar gida. Mutum aka tambaye ta, ba akuya ba. Gajeriyar katanga ce ta raba ɗakin ɗinkinta da garken Baba, don haka komai a idonta aka yi. Tun da ruwa ya cika kududdufin bayan layinsu ya ƙi janyewa, sauro ya yi yawa, awakin suka fara ɓari. Ta taga take hango shi a durƙushe, hannu ba safa, yana ciro 'ya'yan da ba su isa haihuwa ba yana binnewa. Daga baya iyayen ma suka bi. Guda ɗaya ta rage, wata baƙa mai tsagaggen kunne da yake kira Gimbiya, jikar akuyar marigayiya matarsa.

Duba-gari ya zo ya tsaya a bakin kududdufin, ya toshe hanci, ya cika takardarsa ya tafi. Likitan dabbobi ma ya zo. Amma wani ya riga ya hure wa Baba kunne a kasuwa cewa in hukuma ta ji, abin da ya rage ma kwashewa take yi ta ƙone. Sai ya shigar da Gimbiya ɗakin kwanansa, ya ce duk sun mutu.

"'Yar nan, ki rufa mini asiri," ya ce mata a cikin mota. "Ke da ko mai zare ba ki iya yi wa musu, yau ma ki yi shirun da kika saba."

Kwana huɗu tana kai masa abinci yana turewa. A na biyar ta tarar idanunsa sun yi ɗorawa, ga jini a matashin kai. Aka ba shi gado a asibiti. Ta tsaya a ƙofar likita tana murɗa bakin mayafinta, har mutum uku suka wuce ta, kafin ta shiga ta faɗi komai da komai, idonta a ƙasa.

Likitan ya ajiye biro. Ya tambaye ta yaushe ɓarin ya fara, da hannun wa aka ciro su. Ya fara cewa "Me ya sa ranar nan…" sai ya dube ta ya fasa, ya ɗauki waya.

Ta koma gefen gadon ta zauna.

"Baba, na faɗa."

Ya juyo da kai wajenta. Can leɓensa ya motsa kamar zai yi murmushi.

"Ashe kina da baki. To, kin ba Gimbiya ruwa?"

Washegari da hantsi ya cika.

Ranar da 'ya'yansa suka gama karɓar gaisuwa, wata farar mota ta tsaya a ƙofar gidan. Mutum uku suka fito: likitan asibiti, likitan dabbobi, da duba-gari. Sun ce yanzu an haɗa su aiki ɗaya, duk inda dabba ta kwanta ko ruwa ya ɓaci sai su sanar da juna. Suka baje takardunsu a kan teburin yankanta, saman wani yadi da ba ta gama ba. Ta ga kwanan watan da ke jikinsu. Biyu daga ciki an rubuta su tun kafin Baba ya fara jin sanyi.

"Bene ɗaya muke aiki," in ji duba-gari, a hankali, yana nuna likitan dabbobi. "Ni ina sama, shi yana ƙasa."



Da aka fito da Gimbiya, Mai Ɗinki ta riƙe igiyar da hannu biyu, ta tambaya ko yanzu za su tafi da ita. Likitan dabbobi ya sa safar hannu, ya ɗebi jini kaɗan daga wuyan akuyar, ya shafa mata baya.

"Mu kai ta ina, baiwar Allah? Ki dai ɗaure ta nesa da ɗaki, kada a sha nononta sai mun dawo."

Suka ɗebi jinin Mai Ɗinki ita ma, suka zagaya bayan layi wajen kududdufin.

Da la'asar ta zuba dusa a tsohon kwanon Baba ta ajiye a gindin katanga. Gimbiya ta shinshina, ba ta ci ba. Ta ja igiyar iya tsawonta, ta tsaya tana fuskantar ƙofar ɗakin da aka sa wa kwaɗo.