Filashin Da Ba A Gwada Ba

Shekara talatin ina yanka makulli a bakin kasuwa. Aji uku na yi a makaranta na gudu. Ban san kwamfuta ba, kuma ban taɓa yin ƙaryar na sani ba.

Autata ce ta samu aiki a wani ƙaramin asibiti, tafiyar kwana biyu a mota. Ita za ta riƙa shigar da bayanan marasa lafiya, kuma da kwamfutarta aka ce ta zo. Yayyenta suka haɗu suka saya mata sabuwa dal. A can babu mai gyara, intanet ma sai an hau tudu. In kwamfutar ta ƙi tashi, aikin Auta ya tsaya ke nan, ga ta baƙuwa, kowa ya zuba mata ido.

Ana gobe za ta tafi, ta kawo ta shagon da ke jikin nawa, wajen mai gyaran kwamfuta da muke kira Injiniya. Na leƙa na tarar ya soka mata wani ɗan filashi baƙi a gefe.

"Me ake yi mata kuma, ita da ba ta ko yi ƙura ba?"

Injiniya ya ce, "Baba, abin da ke tayar da ita nake kwafa a nan. Ranar da ta birkice, sai a soka shi, ta koma yadda ta fito daga kwali."

"Makulli na biyu ke nan."

"To, kusan haka."

"Ba kusan ba. Haka ne."

Wani koren layi ya riƙa jan ciki a fuskar kwamfutar, ya fi awa guda. Na koma na yanka makulli huɗu na dawo, sannan ya kai ƙarshe. Injiniya ya zare filashin ya miƙa wa Auta.

Na ce, "Ka gwada?"

"Ai kwamfutar da kanta ta rubuta an gama."

"Injina ma in ya gama yanka shiru yake yi. Sai na sa a kwado na murɗa nake sanin abin da na yi."

Auta ta sunkuyar da kai, don akwai mutane a shagon. "Haba Baba, don Allah. Wannan fa ba kwado ba ne."

Maganar ta sosa min rai, ba zan ɓoye ba. Na karɓe filashin daga hannunta. "Ke da shi kun yi boko, na yarda. Amma ba za ki shiga mota da abin nan ba sai na ga ya buɗe da idona."

Injiniya ya yi dariya. "Tsoho, in ya yi fa?"

"In share maka shago mako guda."

Ya kashe kwamfutar, ya soka filashin, ya kunna yana danna wani maɓalli da sauri-sauri. Fuskar ta yi baƙi ƙirin, sai wani ɗan farin rubutu a sama. Ya kashe, ya sake. Ya canza rami. Rubutun dai na nan.

"Auta, karanta min."

Ta matso ta duba. "Wai akwai abin da ta nema ba ta samu ba."

Injiniya ya kai filashin kan tasa kwamfutar, ya daɗe yana bincike, gumi na tsattsafo masa a goshi. Ashe jabu ne. Girman da aka rubuta a jikinsa ƙarya ne, cikinsa bai kai rabin haka ba. Yana karɓa yana zubarwa, yana nuna komai ya shiga.

Na ce, "Tsintsiyar taka ta huta."

Ya fita ya dawo da wani filashin na daban, a cikin ledarsa ba a yage ba. Muka sake zaman awa guda. Wannan karon ban koma shagona ba, masu makulli biyu suka gaji da jira suka tafi.

Da aka gwada, fuskar ta yi shuɗi, ga rubutu a jere. Injiniya ya sauke numfashi. "Ya buɗe. Nan ake tsayawa, in aka wuce za ta goge komai."

Ya kai hannu zai rufe, na ce, "Tashi ka ba ta kujerar. Kai za ka bi ta can?"

Auta ta zauna. Karon farko ta makara wajen dannawa, kwamfutar ta tashi abinta kamar kullum. Ta kashe, ta ciji leɓe, ta sake. Injiniya ya buɗe baki zai gaya mata, na ɗaga masa hannu. Shuɗin ya fito.

Ta juyo, idonta na ƙyalli. "Baba, ka gani?"

"Na gani. Sake."

Ta sake, ba ta dubi kowa ba. Ta kuma yi na uku ban ce ta yi ba. Ni kuwa na juya wajen mutanen da suka taru a ƙofa na ce musu, "'Yata ce. Gobe za ta tafi kama aiki."