Fayil Ɗin Madam Yanzu-Yanzu

A ofishin ajiyar takardu ba wanda ke kiranta da sunanta. A gabanta Madam ce, a bayan idonta kuwa Madam Yanzu-Yanzu, domin ba ta taɓa neman abu ta ce anjima ba. Shayinta kan huce a kan tebur har ya yi fata, abincin rana kuma a tsaye take cin sa, waya maƙale a kunne.

Wata Asabar ta je gidan 'yarta, sai jikarta mai shekara biyar ta kawo zanen da ta yi na 'yan gida. Kowa baki har kunne, har da kyanwa. Kaka kaɗai aka yi wa gira a haɗe, ga wani baƙin abu kamar waya manne a kunci. Da Madam ta miƙa hannu ta ce zo, yarinyar ta zille ta laɓe bayan labule. Abin ya soke ta ƙwarai.

"Mama, tsoronki take ji," in ji 'yar. "Kullum a wuya kike. Ki riƙa fita minti goma sha biyar da rana. Ki bar wayar, ki taka, ki sha ruwa, ki zauna ki yi numfashi."

"Ni? In yi ta gantali a gaban ma'aikatana, su ce Madam ta fara zaman banza?"

Amma zanen ya hana ta sakat. Ranar Litinin ta samo dabara. Ta sa mai buga takardu ta ciro mata sabon fayil shuɗi daga kabad, ta rungume shi, ta ɗaure fuska, ta fita kamar wadda manya suka aika. Wayar kuwa ta kulle ta a aljihun tebur.

Bayan wurin ajiye motoci akwai wata bishiya da benci mai ƙafa ɗaya gajera. Shekara goma sha ɗaya tana aiki a wurin, ba ta san da su ba. Ta zauna tana duba agogo. Ranar farko minti huɗu ta iya, ta koma a guje, ta tarar ofis bai kama da wuta ba. Har ta ɗan ji haushi.

Sannu a hankali ta saba. Ta gane kafaɗunta ashe suna iya sauka. Ta fara zuwa da gorar ruwa, ta kuma san wata ƙadangaruwa mai guntun wutsiya da ke riga ta zuwa bencin.

A mako na uku ta iso ta tarar da mai buga takardu da direban ofis zaune, kowa da fayil a cinya. Direba da fayil! Suka miƙe a ruɗe, na direban ya suɓuce ya buɗe a ƙasa. Ko ƙyallin takarda babu.

"Me ke nan?" Madam ta tambaya.

"Irin naki ne, ranki ya daɗe," in ji mai buga takardu, tana danne dariya. "Ni fa na ciro miki shi. Mun ga kin daina yi mana tsawa, muka ce lallai akwai magani a bayan motocin nan."

Madam ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai dariya ta ƙwace mata, har da hawaye. Ta ce su matsa mata, bencin na kowa ne.

Da Asabar ta zagayo, sai da ta shiga falon 'yarta ta lura fayil ɗin na hammatarta, wayar kuma ta manta da ita a mota. Labule ya motsa, ido ɗaya ya leƙo.

"Kaka, mene ne a ciki?"

"Ba komai, 'yar gidana. Zo ki gani."

"To me ya sa kike ɗauke da shi?"

Madam ta sake fashewa da dariya. Yarinyar ta fito gaba ɗaya, ta tsaya tana ƙare mata kallo. Sai ta ruga ɗaki, ta dawo da fensir da farar takarda, ta haye cinyarta ta ɗora takardar a kan fayil ɗin.

"Tsaya haka, Kaka," ta ce. "Kar ki rufe bakin, ban gama ba."