Gudajin Goggo Tumba

Goggo Tumba ta daɗe da rasuwa, amma ba ta daina sa wa Bilkisu ido a kan tuwo ba. Ita ta riƙe ta a Horo Birni tun tana ƙarama, kuma duk gudajin da ta tsinta a tuwo sai muciya ta sauka a bayan yarinyar. Har bayan Bilkisu ta yi aure a Bodinga, da ta ɗauki muciya sai ta ji muryar a bayan kunnenta, tar kamar rediyo, tana cewa ta ɓata gari kuma kowa dariya yake mata. Don haka ba ta tuƙi a gaban mutane.

A asibiti an ba ta magani, muryar ta yi ƙasa. Likitar ta kuma ce idan muryar ta yanke hukunci, ta nemi shaida kafin ta yarda.

Ranar sunan ɗan yayarsu a Dandin Mahe, mai tuƙin ta murɗe hannu, mata suka juyo ga Bilkisu. Ta fara neman takalmanta. Ƙanwarta Nafisa ta taka ɗaya, ta raɗa mata cewa ga shaida har gida: Kawu Malami na zaure, mutumin da ko ruwan randa sai ya kushe. In akwai gudaji ɗaya, garin nan duka zai ji.

Bilkisu ta tuƙa. Wasu mata suka kwashe da dariya a bayanta, Goggo ta ce to, ga shi nan. Bilkisu ta daure ta waiwaya. Akuya ce ta tura kai cikin kwanon zogale.

Aka kai wa Kawu malmala, Bilkisu da Nafisa suka laɓe a bayan zana. Ya gutsura, ya murza a yatsa, ya haɗiye. Sai ya ɗaga murya yana tambayar wace mara tsoron Allah ta yi wannan miya, gishiri kamar an rantse. Tuwon kam ya cinye, ya aika a ƙaro, amma ban da miyar.

Nafisa ce ta yi miyar.

Bilkisu ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na girgiza.

"Yaya, mi Goggo taka cewa yanzu?" in ji Nafisa, fuska a murtuke.

Bilkisu ta karkata kai ta saurara.

"Ta koma kan miyakki."